Motocin da Ba Sa Shan Mai: Daga Kabo Zuwa Gwarzo

Motar kara tana da lokacinta. Da damina ba a ganin ta, domin karan yana tsaye a gona ɗanye shar, yaron da zai ƙera ta kuma yana bayan ubansa da fartanya. Sai an yanke dawa, hunturu ya fara kaɗawa, kara ya bushe ya yi haske, sannan za ka fara cin karo da ita a lungu da bakin kasuwa, wani ɗan mitsitsin direba yana tura ta yana yi mata kukan inji da leɓe. Shi ya sa na bari sai ƙarshen Nuwamba na kama hanyar yammacin Kano, inda har yau dawa ba ta sakar wa masara gonaki duka ba.

Gardama ce ta fitar da ni. Ina da aboki a cikin birni wanda ya daɗe yana tara 'yan ƙananan motocin ƙarfe, irin waɗanda Turawa suke zubawa da siffar tsofaffin motoci. Mafi yawansu a Ƙofar Wambai yake tsinto su, cikin tulin kayan wasan yara da ke zuwa tare da dilolin gwanjo, wata ba ƙofa, wata fentinta ya goge. Ya jera su a kabad mai gilashi, ko 'ya'yansa ba sa taɓawa. Shi a ganinsa wannan sha'awa baƙuwa ce a ƙasar Hausa, wai mu ba mu san a ƙanƙanta mota don a riƙe kamanninta ba. Na ce masa rabin maganarsa ce gaskiya. Ƙanƙantawa mun iya tun ba a haife shi ba, ajiyewar ce ba ma yi.

Titin Gwarzo daga Kabuga yake tashi, ya ratsa Rijiyar Zaki, ya wuce sabon mazaunin Jami'ar Bayero, sai Janguza. A nan hanya take rabuwa. Mai zuwa Rimin Gado da Gwarzo, ko wanda zai zarce Dayi da Malumfashi a jihar Katsina, miƙewa zai yi. Mai zuwa Kabo da Ƙaraye ta Durun sai ya karya hagu. Mu hagun muka yi, a cikin wata Golf da ta ga jiya ta ga yau, mutum huɗu a baya, biyu a kujerar gaba, but kuma an danne shi da igiya saboda ya ƙi rufuwa. Da gine-gine suka ƙare sai gonaki suka buɗe. An gama yankan kai, an kayar da kara, wani an ɗaure shi dami-dami an jingine a jikin ɗorawa, wani yana kwance shanun Fulani suna bin ganyensa. Kara yanzu ba abin yarwa ba ne. Da shi ake danni, da shi ake girki tun da itace ya yi tsada, mata kuma su ƙona shi su tace toka. Wani fasinja da ke gefena ya ce a zamaninsu yaro yakan zari iya abin da yake so a kowace gona ba mai ce masa kanzil, yanzu kuwa sai ya faki idon mai ita.

A Kabo ban sha wahalar nema ba. Bayan la'asar, a gindin wata darbejiya kusa da makarantar allo, na tarar da garejin. Yara ne cunkus, babbansu bai fi shekara 12 ba, kuma shi ne oga. Kayan aikinsa rabin reza ne da wata ƙusa da aka daddake bakinta ya yi faɗi.

Na tsuguna ina kallo. Ba kowane kara yake ɗauka ba. Sai ya murza shi a tafin hannu, in ya ji ya yi sakayau da yawa ya san tsutsa ta riga shi, sai ya jefar. Wanda ya yi masa, sai ya yanke shi gaɓa-gaɓa, ya sa haƙori ya ɓalle bakin ɓawon, ya zare shi siri-siri har ƙasa. Wannan ɓawo shi ne ƙusarsa, shi ne kuma ƙarfensa, ga shi da kaifin tsiya, domin babu yaro ɗaya a wurin da ba shi da zanen yanka a yatsa. Totuwar ciki, fara mai laushi, ita ce katako. Yana yanka ta daidai tsawon da yake so, ya soka mata tsinken ɓawo ya haɗa ta da 'yar uwarta. Ba gam, ba zare. Dogayen kara biyu da bai ɓare ba su ne shasi, a kansu ya gina kai, sannan bodi. Taya daga tsohon silifa ake fitar da ita: a kifa bakin gwangwanin tumatir a kai, a zagaye da reza. Mu a namu lokacin sakaina muke gogawa a jikin dutse har ta zama da'ira, aikin da yake cin yini guda kafin ka sami huɗu masu kai ɗaya. Dabarar da ta fi burge ni ita ce ta bututun biro. Yakan zare ruwan ya jefar, ya ɗaure bututun a ƙarƙashin shasi, ya zura wayar keke a ciki, sai tayoyin su riƙa juyawa ba tare da sun cinye totuwa ba. Tirela yake haɗawa, saboda haka tayoyin baya bibbiyu ya jera, ya rataya musu 'yar baƙar leda a matsayin robar tare taɓo. Kai da bodi kuma bai manne su ba, ƙusar nan ya zura a tsakani, yadda in aka zo kwana kai zai fara juyawa bodi ya biyo baya. Yaron nan bai taɓa shiga tirela ba, amma ya san inda take karyewa.

Na duba abin da sauran suke turawa. Tankar mai, a daidaita sahu guda biyu, kurkura da lodin tsakuwa na gaske, da wata Hilux da aka ɗora wa jan murfin kwalba a ka, ita ce mai jiniya a ayarin 'yan siyasa.

Na ce da ogan, "Kai, ka iya Fijo 504?"

Ya ɗago ya dube ni. "Wacce, Kawu? Irin ta masu kai shanu kasuwa?"

J5 yake nufi. Ita ce Fijon da ya sani, kuma ba laifinsa ba ne. Yaro abin da idonsa ya gani a kan titi yake ƙerawa, ba abin da aka ba shi labari ba. Saboda haka motocin karan kowace kaka lissafi ne na abin da ya bi hanyar garin a wannan shekara, sai dai lissafin ba ya kai wa damina. In ƙaninsa bai taka ta ba, akuya za ta tauna, in ta tsira daga akuya gara tana jira.

A Turai da Amurka abin ya daɗe da zama sana'a mai kasuwa. Kamfanin Meccano na birnin Liverpool a Ingila ya fara fitar da motocin Dinky a 1934, Matchbox ta biyo baya a 1953, Corgi a 1956, sai Hot Wheels ta Amurka a 1968. Narkakken ƙarfe ake zubawa a mazubi, a fitar da dubbai masu kama ɗaya. Don yara aka yi su da fari, amma yaran suka girma, suka yi kuɗi, suka koma neman abin da suka farfasa suna ƙanana. Su wurinsu awo shi ne komai. In ka ga an rubuta 1:43 a cikin motar, ana nufin kowane santimita ɗaya a jikinta santimita 43 ne a jikin ta gaske. Ke nan 504 mai tsawon kusan mita 4 da rabi za ta dawo santimita 10 da 'yan kai, ta zauna a tafin hannu. Akwai manya 1:18 da ake buɗe musu ƙofa da gaban inji, akwai ƙanana 1:64 na aljihu. Sannan ga zancen kwali. Motar da ba a taɓa fitarwa daga kwalinta ba ta fi wadda aka yi wasa da ita tsada nesa ba kusa ba, wato abin wasan da ya fi daraja shi ne wanda aka hana yaro. Na fahimci dalilin, amma raina bai taɓa kwanciya da shi ba.

Faransa ma tana da nata: Norev da aka kafa a 1946 a gefen birnin Lyon, da Majorette a 1961 a wannan yanki dai. Kuma daga filin jirgin saman Lyon ɗin nan ne, tun daga tsakiyar shekarun 1970, jiragen dakon kaya na kamfanin UTA suka riƙa tasowa shaƙe da sassan Fijo, su sauke a filin jirgin Kano, a loda wa manyan motoci zuwa Kakuri a Kaduna, inda kamfanin PAN ya fara haɗa mota a 1975. Gari ɗaya ne ya turo mana babbar ta sama tana sabuwa, ya kuma ƙera ƙaramar da ta iso mu daga baya a cikin dilar gwanjo.

Mai masaukina a Kabo malamin firamare ne. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya, ya ce in bari a yi isha'i zai kai ni wurin wanda ya fi yaran nan haukan mota. Dattijo ne da ya haura 70, idonsa ɗaya ya fara yana. Da karen mota ya fara, a bayan roka mai bodin katako, lokacin da ake kwasar gyada daga kasuwannin wannan yanki ana kai ta Kano, kafin farin 1973 da cutar da ta auka wa gyada a 1975 su rushe dalar gyada. Karen mota, wanda Ɗanmaraya Jos ya yi wa waƙa, shi ne mai ɗaura tamfol, shi ne mai dirowa ya sa weji in an tsaya a hawa, shi ne mai neman ruwan lagireto, kuma a ƙarƙashin mota yake kwana. Daga nan ya sami lasin, ya ja akori-kura 404, sannan ya shafe shekaru yana lodin Kano zuwa Funtuwa a doguwar 504 mai kujeru layi uku.

A zaurensa akwai alkuki, inda a da ake ajiye fitila. Yanzu motoci biyu ne a ciki. Ɗaya roka ce ta gwangwani, tsawonta ya kai kamu ɗaya, tsatsa ta fara cin gefenta. Ɗayar 'yar ƙaramar 504 ce doguwa, ta ƙarfen zubi, fara, wani ɗansa ya kawo masa tsaraba. Ya sa jikansa ya haska mana da fitilar waya.

Na ce, "Baba, wacce ka fi so a ciki?"

Ya ɗauki farar ya juya ta. "Ɗana, wannan aikin Bature ne, ba ta da aibu. Dubi fitilunta, dubi zakin gabanta. Haka take, ba a rage komai ba. Amma wannan motar ba ta taɓa zuwa Funtuwa ba."

"Ta yaya ka sani, Baba?"

"Ba ka ga ƙugunta a sama ba? Fijon da ƙugunta yake sama ba ta fita aiki ba. Tamu in ta bar tasha, mutum tara a ciki, buhu a sama, salansa sai ta gaida ƙasa a kowane rami. A haka za ta kai, a haka za ta dawo."

Daga nan hira ta ɓalle, kuma ba ni nake jan ta ba. Shi tarihin motar a jikinsa yake, ni a takarda na san nawa. An fito da 504 a Faransa a 1968, aka zaɓe ta motar shekara ta Turai a 1969, ta kuma ci tseren Safari na gabashin Afirka a 1975, shekarar da Kaduna ta fara aiki. Shekarar ce kuma kuɗin Udoji suka shiga aljihun ma'aikata, malamin makaranta ya sayi babur, akawu ya fara tambayar farashin mota. Da gwamnatin soja ta Obasanjo ta ce manya su rage ƙawa, Fijo ta zama motar ofis, daga sakatare har gwamna. Turai ta daina ƙera ta a 1983, Kaduna kuwa ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Dattijon bai damu da ko ɗaya daga cikin waɗannan shekaru ba. Abin da ya riƙe shi ne da baya take ja, cikinta ya yi nesa da ƙasa, tana shanye gargada ba ta jijjiga fasinja, kuma in ta tsaya a daji bakaniken ƙauye da sifana uku zai tashe ta. Ya ce motocin yanzu in suka yi tari sai an nemo mai kwamfuta.

Rokar gwangwanin kuwa bai ce komai a kanta ba sai da na tambaya. Ya ce a Gwarzo aka yi masa ita, kuma kwafin motar maigidansa ce ta farko, har da launin da aka shafa wa katakon. Ya danna bayanta da yatsa, ta nutsa, ya saki, ta taso. "Ka gani? Tana da sifirin."

Ba a hirar abin hawa a Kabo a tashi ba a ambaci jirgi ba. Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo, Jarman Kano, ya kafa Kabo Air a 1980, ya kai sunan garin har Jidda a jikin manyan Boeing 747 masu jigilar alhazai, ya rasu a 2002. Dattijon ya ce a wancan zamani yaran garin sun fi ƙera jirgi a kan mota, su yi masa fiffike da ɓawon kara, su rubuta sunan garin da gawayi a jikin totuwa, alhali mafi yawansu daga ƙasa kawai suka taɓa hango jirgi. Ko ɗaya bai rage ba, ko a hoto.

Washegari na yanko babban titi na nufi Gwarzo. Tsakaninta da Kano kusan kilomita 70 ne, kuma ita ce babban gari na ƙarshe kafin a faɗa ƙasar Katsina, shi ya sa tasharta ba ta rabo da hayaniya. Na zagaya ina duba abin da ke lodi: Golf, Sharon, Hiace, J5, kanta mai buhunan dawa, da babura ba iyaka. Na tambayi wani ɗan kamasho ko akwai sauran 504 da ke lodi a nan. Ya ce, "Alhaji, sai dai ka tambayi 'yan jari bola."

Ba ba'a yake yi ba. Tun da aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu a 1986 naira ta faɗi, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci, 'yan Kwatano suka cika titi. Tsofaffin suka koma ƙauye suna dako har suka gaji, kayan gyaransu suka fara wuya a Ƙofar Ruwa, daga ƙarshe aka jingine su a bayan gareji kaji suna ƙwai a ciki. Da ƙarfe ya yi kuɗi sai aka bi su da wuta ana yankawa ana ɗorawa a sikeli. A ƙasashen da ake tara ƙananan, manyan ma suna nan a gidajen tarihi da garejin masu sha'awa, mai son gani ya je ya gani. Mu tsohuwar motar da kowa ya san an adana a Nijeriya ita ce baƙar Marsandin da aka harbe Janar Murtala Muhammed a cikinta ranar 13 ga Fabrairu 1976, wadda take gidan tarihi na Legas, ita ma ba don mota ce aka ajiye ta ba.

Wanda ya ƙera rokar dattijo a cikin kasuwa na same shi, a layin masu aikin gwangwani. Rumfarsa cike take da mazurari, da aci-balbal, da gwangwanayen awon mai, da murhun gawayi. Mutum ne mai kimanin shekara 50, ba ya son yawan magana. Mota ba ita ce sana'arsa ba, yakan yi ta ne in aiki ya yi sauƙi. Da na ambaci dattijon Kabo sai fuskarsa ta saki, ya jawo wani buhu daga ƙarƙashin benci ya zazzage. Akori-kura ce da bai gama ba, da kan roka guda, da wata 504 gajera da ta rage fenti.

Na zauna ya ci gaba da akori-kurar a gabana. Yakan farke gwangwanin madara, ya shimfiɗa shi a kan guntun ƙarfen dogo, ya bi shi da guduma har ya kwanta. Sai ya zana da ƙusa, ya yanke da almakashi, ya kama gefen ya lanƙwasa a bakin ƙarfen, kaɗan-kaɗan, yana ɗagawa yana dubawa da ido ɗaya. Ƙarfen liƙi yana cikin garwashi. In ya yi zafi sai ya dangwali dalma ya ja a kan gaɓar, hayaƙi ya tashi, ya hura, ya wuce gaba. In ka leƙa cikin motar za ka iya karanta sunan madarar a jikin rufin. Gilashi daga robar ruwa yake yankowa, ƙofa kuma a kan 'yar waya take juyawa. Sifirin ɗin da dattijo yake taƙama da shi langa-langa ne, falle uku, kowane ya fi na ƙarƙashinsa tsawo, an ɗaure su a tsakiya yadda na gaske yake. Da tsinken ashana yake rubutun jikin bodi. A goshin rokar ya rubuta haƙuri maganin zaman duniya, a ƙofa ya zana wani zaki da ya fi kama da kyanwa.

Na ce, "Malam, da me kake awo? Ban ga ma'auni ba."

Ya ce, "Da taya. Ita nake fara yankewa. In na san girman taya, na san tsawon mota taya nawa ne, tsayinta taya nawa ne. Sauran ido ne."

Ke nan shi ma yana da nasa lissafin, kuma da na ɗora 504 ɗin a tafin hannu na dube ta ta gefe, karyewar but ɗin nan da kowa ya san ta da shi tana nan daidai. Sai dai yana ha'inci da gangan. Ham ɗin roka ya fi yadda ya kamata girma, haka madubai, haka ƙarfen ɗaura kaya. Akori-kurar kuma ya sa bayanta ya ɗan zauna, ko da yake babu komai a ciki. Mai tara na Turawa zai ce wannan kuskure ne, ya rage mata daraja. Ni a wurina nan ne ta fi. Ta zubi tana nuna mota ranar da ta fito daga kamfani, tasa kuwa tana nuna ta bayan ta yi shekara goma a hannun direban Gwarzo, an ƙara mata ƙarfe, an ɗaura mata ham na biyu, an rubuta mata magana a goshi. Wannan siffa babu kamfanin da ya zana ta, kuma babu inda aka ajiye ta sai a kan irin wannan mutum.

Da motar kara ya fara shi ma, ya koma ta langa-langa, sannan mahaifinsa ya zaunar da shi a rumfa. Masu sayen motocinsa ba yara ba ne. Tsofaffin direbobi ne, da bakaniken da yake son ya rataya a gareji, da wani da ya zo daga Getso ya ce a yi masa irin motar da marigayi mahaifinsa ya ja. Iyaye ba sa saya wa yara, ga kaifin baki ga tsada, alhali da Sallah ta roba 'yar Chana tana nan mai fitila da kiɗa a kuɗi kaɗan. Ya ce abin da ya fi damunsa shi ne yanzu babu ta gaske da zai je ya tsuguna ya leƙa. Yaransa sukan nemo masa hoto a waya, amma hoto ba ya nuna ƙarƙashin mota.

Duk sanda hoton wani yaro da motarsa ya zagaya a Facebook, sai ka ga an yi caa ana rubuta ga injiniya, gwamnati ta taimaka. Akan kawo misalin Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton da ya zana Chevrolet Volt a kamfanin General Motors na Amurka, aka kuma ba shi shugabancin hukumar ƙera motoci ta ƙasa a 2017, ko Mubarak Muhammad Abdullahi, ɗalibin Jami'ar Bayero da ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota a 2007. Misalan gaskiya ne, kuma Allah ya ƙara mana irinsu. Amma wannan yabo yana da wani raini a ƙarƙashinsa, domin yana nufin motar ba ta da wani amfani sai in ta zama tsani zuwa wani abu. Yawancin yaran gindin darbejiyar nan manoma za su zama, ko 'yan kasuwa, ko direbobi, kuma wannan bai rage komai daga kyan tirelar da suka haɗa ba. Ana yaba yaron, ana addu'a, babu wanda ya ce nawa za ka sayar mini.

Wasu ƙasashen sun riga mu farga. A Madagaska motocin gwangwani sana'a ce sosai, baƙi suna saya suna tafiya da su. A Senegal ana ƙanƙanta motocin hayar Dakar masu launin shuɗi da rawaya ana sayarwa, ta gasken ma guda tana cikin gidan tarihi na Musée de l'Homme a birnin Paris tun 2015. Mu abin da ake buƙata bai kai haka ba. Ta kara in aka shafa mata banish aka sa ta a gilashi, aka nisanta ta da ƙasa, gara ba za ta kai gare ta ba. Ta gwangwani kuwa fenti da ɗan mai sun ishe ta. Da a ce Gidan Makama, ko ma ɗakin karatun wata sakandare a Gwarzo, zai riƙa karɓar guda biyar kowace kaka daga gari ɗaya, a rubuta shekara da unguwa a jiki, kafin yaran yau su yi furfura an sami tarihin titin nan tun daga zuwan a daidaita sahu har abin da zai kore ta.

Kafin in tashi na ba shi aikin guda biyu, doguwar 504 da ƙugunta a ƙasa, da Basuwaja. Ta farkon ya karɓa. Basuwaja kuwa ya girgiza kai, ya ce ko'ina a jikinta kumburi ne, gwangwani ba ya yarda da kumburi sai an bubbuga shi a cikin turmi, kuma rabinsa yagewa yake yi. Muka yi ciniki, ya karɓi kafin alƙalami, ya ce kada in sa rai da ita da wuri, domin akwai mazuraran masu man gyada a gabansa kuma su ne suke ciyar da gidansa. Ya ƙara da cewa in zan dawo in taho masa da manyan gwangwanayen madara daga birni, in na samu. Yanzu madara a leda take zuwa, ɗan gwangwanin da ya rage kuma 'yan jari bola suna riga shi kaiwa gare shi.